Rana Plaza: ginin da aka zana don shaguna, aka cika shi da kekunan ɗinki

Ranar Laraba 24 ga Afrilu 2013, wajen ƙarfe tara na safe, wani bene mai hawa takwas da ake kira Rana Plaza ya rufta a Savar, arewa maso yammacin Dhaka, babban birnin Bangaladesh. Mutum 1,134 suka rasu, wajen 2,500 suka jikkata, galibinsu mata masu ɗinki a masana'antu biyar da ke cikin ginin. Ba girgizar ƙasa aka yi ba, ba guguwa, ba gobara. Ginin ne ya kasa ɗaukar abin da aka ɗora masa.

Abin da ya sa wannan lamari ya cancanci nazari ga masu sana'ar gini shi ne, ba a rasa ƙwararru a cikinsa ba. Akwai mai zanen gini da ya zana shi, akwai takardar izini mai hatimi, akwai dokar gini ta ƙasa, kuma akwai injiniyan da ya duba shi ana gobe zai faɗi, ya ce a fita. Kowane ɗayansu ya taɓa ginin a wani lokaci, amma babu wanda ya riƙe shi daga farko har ƙarshe sai mai shi.

Abin da aka zana da abin da aka gina

Massood Reza, wanda ya zana ginin a 2004, ya shaida wa manema labarai bayan ruftawar cewa shaguna da ofisoshi aka ce ya zana, ba masana'anta ba. Wanda ba ya cikin sana'ar zai ɗauka wannan zancen kare kai ne kawai, tunda ɗaki ɗaki ne. Ba haka ba ne. Mai zanen gini ba shi ke lissafa rodi da kaurin ginshiƙi ba, wannan aikin injiniya ne, amma shi ne ke rubuta a kan zane cewa nan shago ne, nan ofis, nan sito. Daga wannan rubutun injiniya yake ɗauko nauyin da zai yi lissafi da shi. Idan kalmar da ke kan zanen ta canza a aikace ba tare da an koma wurin injiniya ba, duk lissafin da aka gina a kanta ya tashi aiki, ko da babu kuskure ko ɗaya a cikinsa.

A Rana Plaza abubuwa biyu suka canza. Na farko, an ba masana'antun ɗinki hayar hawa na sama, aka bar shaguna da reshen banki a ƙasa. Na biyu, an yi ta ɗora hawa a kan hawa. Shugaban hukumar kashe gobara ta ƙasar a lokacin, Ali Ahmed Khan, ya ce hawa huɗu na sama ba su da izini, kuma ranar da ginin ya faɗi ana cikin aikin hawa na tara. Dalilin a bayyane yake: tufafi su ne wajen kashi 80 cikin 100 na abin da Bangaladesh ke fitarwa waje, fili a kewayen Dhaka ya yi tsada, kuma masana'anta ɗaya takan kama hawa guda sukutum ta biya haya a dunƙule, abin da shaguna ɗai-ɗai ba za su yi ba.

Lissafin nauyi

Ƙa'idojin gini suna kasa nauyi gida biyu. Akwai nauyin ginin kansa, wato kankare, rodi, bulo, tayil da shafe. Akwai kuma nauyin amfani: mutane, kaya da injuna. A ƙa'idar Amurka, wadda dokokin ƙasashe da yawa suka ɗauko daga gare ta, ana lissafa ofis a kan kilo 240 a kowane murabba'in mita, hawan sama na shaguna wajen kilo 360, masana'anta mai ƙananan injuna kilo 600, mai manyan injuna ko sito mai kaya masu nauyi kilo 1,200.

A ɗauki misali, ba ma'aunin Rana Plaza kansa ba, don a ga yadda abin ke taruwa. Gini ne mai ginshiƙai da tazarar mita 5 a tsakaninsu ta kowane gefe, don haka kowane ginshiƙi na tsakiya yana ɗauke da murabba'in mita 25 a kowane hawa. Kankare mai rodi yana da nauyin kilo 2,400 a mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi, saboda haka daɓen kankaren da ke raba hawa da hawa, mai kaurin santimita 15, ya kai kilo 360 a murabba'in mita. Idan aka haɗa da bim (kankaren da ke kwance tsakanin ginshiƙai yana ɗauke da daɓen), tayil, shafe da bangon raba ɗakuna, a ce 640. A ƙara 360 na shaguna, an samu tan ɗaya a murabba'in mita, wato tan 25 a kan ginshiƙin daga kowane hawa. Hawa biyar, tan 125 ke sauka a kan ginshiƙin ƙasa. To a mayar da ginin hawa takwas: tan 200. A mayar da shida daga ciki masana'anta, kowanne ya ƙaru da tan 6, an kai tan 236. Ginshiƙin bai ƙara kauri ba, rodin cikinsa bai ƙaru ba, amma kayansa sun kusa ninkawa. Kuma ba a sa janareta ba tukuna, ba a sa tankunan ruwa ba, ba a sa bandir-bandir na yadi da ake jibgewa har rufi a kusurwa ɗaya ba.

Masu gine-gine sukan ce ai injiniyoyi suna barin rara. Gaskiya ne, a ginshiƙi rarar takan kai wajen ninki biyu tsakanin nauyin aiki da nauyin da zai karya shi. Sai dai an bar ta ne don abin da ba a iya gani: kwaɓin da ya ɗan fi ruwa, ginshiƙin da ya ɗan kauce daga layi, ranar da mutane suka yi cunkoso. Wanda ya cinye ta da ƙarin hawa ya bar ginin ba shi da abin kare kansa daga ƙaramin kuskure. Akwai kuma wani hali na kankare da ya bayyana dalilin da ya sa irin waɗannan gine-gine ke tsayawa shekaru kafin su faɗi: idan aka bar shi ƙarƙashin nauyin da ya kai wajen kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na ƙarfinsa, ba ya karyewa nan take, sai ƙananan tsage su yi ta yaɗuwa a cikinsa a hankali har ranar da zai saki. Tsayuwar gini bara ba shaida ba ce cewa zai tsaya bana, kuma wannan ita ce hujjar da masu ɗora hawa suka fi kafawa.

Sai janaretoci. Wutar lantarki ba ta tsayawa, masana'anta kuma tana da ranar da dole kaya su shiga jirgi, don haka kowace ta nemi injinta. Kwamitin bincike na gwamnati, ƙarƙashin Main Uddin Khandaker na ma'aikatar cikin gida, ya gano manyan janaretoci huɗu a hawa na sama. A safiyar ranar an ɗauke wuta, aka tayar da su, jim kaɗan ginin ya sauko. Wurin babban janareta ƙasa ne, a kan dandamalin kankare na kansa wanda aka raba shi da jikin gini, da roba ko sifirin a ƙarƙashinsa don shanye jijjiga. Idan dole sai a sama, tun a zane ake ware masa wuri a kan bim da ginshiƙan da aka lissafa dominsa. Gini mai lafiya ba ya faɗuwa don an kunna janareta. Jijjigar ta ƙarasa abin da nauyi ya riga ya kai maƙura ne.

Canjin amfani ya taɓa wani ɓangare da ke hannun mai zane kai tsaye, wato hanyar fita. Ƙa'idar kashe gobara ta Amurka tana ba kowane mutum milimita 7.6 na faɗin matakala. Hawan da aka zuba masu ɗinki 500 yana buƙatar matakalai da jimillar faɗinsu ta kai mita 3.8, a raba su aƙalla wuri biyu masu nisa da juna. Ƙididdigar ƙungiyar masu masana'antun tufafi ta nuna ma'aikata fiye da 3,000 ne a cikin Rana Plaza a safiyar. Wata biyar kafin nan, a Nuwamba 2012, gobarar masana'antar Tazreen ta kashe mutum 112, kuma rashin hanyar fita na cikin manyan dalilai.

Ƙasa, kankare da rodi

Rahoton kwamitin ya ce wani ɓangare na filin kududdufi ne da aka cike, kuma siminti da rodin da aka yi amfani da su ba su da inganci. Cike kududdufi ba haramun ba ne a aikin gini, amma yana da sharaɗi. Ana haƙa ramukan gwaji, a auna taurin ƙasa duk bayan mita ɗaya da rabi, a kai samfur ɗakin gwaji, sannan a yanke ko harsashi na sama zai isa ko sai an kafa turaku har zuwa ƙasa mai tauri. Matsalar cikon ba nitsewa kaɗai ba ce, nitsewar da ba ta zo daidai ba ce: gefe ɗaya ya sauka, ɗayan ya tsaya, sai nauyi ya koma kan ginshiƙan da ba a lissafa musu shi ba. Mai zane ne ya kamata ya ce ba zai ci gaba ba sai an kawo rahoton ƙasa, domin shi ne farkon wanda mai gini ke zama da shi. A 2005 masana'antar Spectrum, a wannan yanki na Savar, ta rufta ta kashe mutum 64, ita ma a kan fili mai dausayi da ƙarin hawa. Darasin yana nan shekara takwas kafin Rana Plaza.

Bangaladesh ƙasar laka ce ta bakin koguna, dutse ya yi ƙaranci, don haka an saba farfasa jan bulo a yi tsakuwa da shi. Ana iya samun kankare mai kyau da ita, amma tana shan ruwa, sai an jiƙa ta kafin kwaɓi. Idan ba a jiƙa ba takan zuƙe ruwan kwaɓin, kwaɓin ya yi tauri, lebura ya ƙara ruwa da bokiti don ya ji sauƙin zubawa, ƙarfin kankaren ya faɗi. Ido ba ya gane wannan bayan an cire katako. Abin da ke ganewa shi ne samfurin da aka ɗiba ranar zubi, a matse wasu a kwana 7, sauran a kwana 28, a rubuta sakamakon da kwanan wata da sunan ginshiƙin. Haka rodi: ana auna kaurinsa, a ƙirga shi, a duba tazarar zobban da ke ɗaure shi kafin a rufe katako, domin da zarar an zuba kankare magana ta ƙare. Duk waɗannan ayyukan sa ido ne, kuma su ne farkon abin da mai gini ke yankewa idan yana neman rage kuɗi.

Wa ya sa hannu

Dokar gini ta Bangaladesh an rubuta ta tun 1993, amma sai 2006 ta zama tilas a shari'a. Hukumar da ke da alhakin tsara babban birni da ba da izinin gini ita ce RAJUK. Izinin Rana Plaza kuwa daga ofishin magajin garin Savar ya fito, kuma bayan ruftawar aka dakatar da magajin garin. Mai ginin, Sohel Rana, jigo ne a reshen matasa na jam'iyyar Awami League mai mulki a lokacin.

Inda hukuma biyu ke iya buga hatimi a kan gini ɗaya, mai gini zai je wurin wadda ta fi sauƙi. Wannan yana rage darajar aikin mai zane ta hanyar da ba a cika lura da ita ba. Idan hukuma na da injiniyoyin da za su karanta zane su mayar da shi in ya gaza, mai gini yana buƙatar ƙwararre na gaske. Idan hatimi kawai ake bugawa, abin da yake buƙata sa hannu ne, kuma sa hannu ana samunsa da araha. A irin wannan kasuwa, ƙwararren da ya dage sai an yi gwajin ƙasa shi ne mai tsada mai taurin kai, aikin sai ya koma hannun wanda ba zai yi tambaya ba. Dokokin gini na Dhaka na 2008 sun tanadi takardar shaidar shiga gini, wadda ake bayarwa bayan an tabbatar abin da aka gina ya dace da abin da aka amince, kuma amfanin da za a yi da shi bai canza ba. Da an tilasta wannan takarda ɗaya a Savar, da masana'anta ba ta shiga ginin shaguna ba sai an sake lissafi.

Ranar Talata

A 23 ga Afrilu manyan tsage suka bayyana a jikin ginin, har gidan talabijin ya ɗauka. Aka fitar da mutane. Injiniyan da aka kira ya duba ya ce ginin ba shi da aminci. Mai ginin ya ce wa manema labarai shafe ne kawai ya tsage. Bankin da shagunan suka rufe, ba su dawo ba. Masu ɗinki aka ce su koma aiki washegari, kuma da yawansu sun ba da shaidar an yi musu barazanar riƙe albashi. Mafi ƙarancin albashi a lokacin taka 3,000 ne a wata, ƙasa da dala 40. Wanda ke rayuwa a kan wannan ba ya gardama da manaja a bakin ƙofa.

Bambance tsagar shafe da ta ginshiƙi aikin minti goma ne. A sa kurfi a ɓamɓare shafen a ga ko tsagar ta shiga kankare. Tsagar da ta bi tsawon ginshiƙi a tsaye, ko fatar kankare da ke ɓallewa tana zubowa, ko rodin da ya fara lanƙwasowa waje tsakanin zobba, alamu ne cewa ginshiƙin yana murƙushewa, kuma ginshiƙi ba ya ba da dogon gargaɗi kamar bim, wanda yakan lotsa a gani kafin ya karye. Matakan da ke biyo baya sanannu ne: a fitar da kowa, a kashe duk injin da ke jijjiga, a zubar da ruwan tankuna, a tokare da turakun ƙarfe tun daga ƙasa zuwa sama ba daga sama ba, sannan a yi gwajin kankare. Ba a yi ko ɗaya da ya ɗore ba. Gargaɗin injiniyan shawara ce ga mai gini, ba umarnin da zai sa a garƙame ƙofa ba. (Shi kansa daga baya an kama shi bisa zargin yana da hannu a ƙarin hawan, abin da ke nuna haɗarin a kira wanda ke cin abinci a hannun mai gini ya yanke hukunci a kan ginin.)

Inda hidimar mai zane ta yanke

Cikakkiyar hidimar mai zanen gini tana farawa da rubuta buƙatun mai gini, sai zanen farko, sai cikakken zane tare da na injiniyoyi, sai zaɓen ɗan kwangila, sai sa ido a wurin aiki, sai miƙa gini da zanen abin da aka gina a zahiri. A ƙasashe masu tasowa abin da aka fi saya shi ne rabin farko, har zuwa takardun neman izini. Daga nan mai gini ya sallami mai zane ya ci gaba da fomen ɗinsa. Sunan ƙwararren yana nan a kan takarda, amma ginin da ke tashi ba nasa ba ne.

A ganinmu nan ne ingancin hidimar ke lalacewa, fiye da a makaranta ko a teburin zane. Ba mu ɗora wa mai zane laifin hawan da aka ɗora bayan an sallame shi ba. Amma sana'ar da ta yarda a riƙa sayen rabinta tana da abin gyarawa, kuma wasu gyare-gyaren ba sa jiran gwamnati. A rubuta a fuskar kowane zane, da manyan baƙaƙe, yawan hawan da aka lissafa, amfanin kowane hawa, da kilo nawa murabba'in mita zai ɗauka. A tambayi mai gini tun zaman farko ko yana da niyyar ƙara hawa, domin yawancinsu suna da ita, kuma ƙara wa harsashi da ginshiƙai ƙarfi tun farko ya fi tokare su daga baya araha nesa ba kusa ba. Rodin da aka bari a tsaye a kan rufi sanarwa ce cewa za a ci gaba, don haka in ba a lissafa ƙarin hawa ba, zane ya ce a yanke shi a rufe. Idan mai gini ya ƙi biyan sa ido, yarjejeniya ta faɗi haka ƙarara. Idan kuma aka kauce wa zane ana cikin aiki, janyewa da baki ba ta wadatar ba: a rubuta wasiƙa mai kwanan wata, a faɗi hawan da aka tsaya da abin da aka gani, a aika kwafi ga hukumar izini da ƙungiyar sana'a, ba mai gini kaɗai ba. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya, domin wanda ya kai ƙarar attajiri mai jam'iyya ya san ba zai sake samun aiki a garin ba sai ƙungiyarsa ta tsaya masa.

Abin da ya biyo baya

A 15 ga Mayu 2013 kamfanonin tufafi na waje da ƙungiyoyin ƙwadago suka ƙulla yarjejeniyar da aka fi sani da Accord, wadda daga baya kamfanoni fiye da 200 suka sa wa hannu, aka duba masana'antu fiye da 1,600 a ƙarƙashinta. Abin da masu binciken suka yi ta tararwa shi ne abin da ya kayar da Rana Plaza: zanen da bai yi daidai da ginin da ke tsaye ba, ko babu zanen sam, ƙarin hawa da ba a rubuta ba, ginshiƙan da aka yi wa lodi fiye da kima. Sai aka wajabta wa masana'antu su sa a auna ginin a sake zana shi yadda yake, a huda kankare a ciro samfur, a liƙa taswirar nauyi a bangon kowane hawa, a kuma naɗa mutum guda da aikinsa shi ne hana jibga kaya fiye da abin da taswirar ta ce. Abin lura, ba sabon ilimi aka kawo ba. Bambancin shi ne masana'antar da ta ƙi gyara tana rasa masu sayen kayanta. Yarjejeniyar kuma ta tsaya ne ga masana'antun da ke ɗinka wa kamfanonin da suka sa hannu. Gidajen haya, makarantu da kasuwanni suna hannun hukumomin gida, kuma sabuwar dokar gini ta ƙasar sai a 2021 aka fitar da ita a hukumance.

Sohel Rana an kama shi ranar 28 ga Afrilu 2013 a Benapole, kan iyakar Indiya. A 2016 kotu ta tuhumi mutum 38 da laifin kisa, a 2017 aka yanke masa shekara uku a wata shari'a dabam kan ƙin bayyana dukiyarsa. Shari'ar kisan kuwa ta tsaya cik na wajen shekara biyar saboda ƙararrakin da wasu daga cikin waɗanda ake tuhuma suka ɗaukaka, sai a farkon 2022 aka fara sauraron shaidu.